Woods Hole: Ƙauyen da Ɗalibi Ba Ya Gyangyaɗi

A gabashin ƙasar Amurka, cikin jihar Massachusetts, akwai wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atalantika ya lanƙwashe, ana ce da shi Cape Cod. A can kusurwarsa ta kudu maso yamma kuwa, inda hanyar mota ta tuƙe ruwa ya karɓa, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Woods Hole, wanda in don girma ne ko yawan jama'a babu abin da zai sa a ambace shi a littafi, amma a wurin ma'abota ilmin halittu sunansa ya yi daidai da na manyan birane. Kowace shekara, idan hunturu ya kau zafi ya shigo, tun daga watan Yuni har zuwa Agusta, malamai da almajiransu sukan baro jami'o'insu daga sassan duniya su taru a nan, su shiga halwa ta mako shida ko bakwai, ba su da wani shagali sai nazarin halittun Ubangiji. Abin da ya ɗauke ni zuwa can wata mas'ala ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya tun da na shiga aikin koyarwa, wato dalilin da ya sa za a tara matasa masu hazaƙa don a horar da su, a wani wurin a ga sun raba dare a tsaye bisa aiki ba tare da an tilasta musu ba, a wani wurin kuwa tun kafin azahar a tarar rabinsu na gyangyaɗi, alhali basirar ɗaya ce, fannin ma ɗaya.

Daga Kano na tashi, jirgi ya sauke ni a Turai, wani ya ƙetare teku da ni zuwa birnin Boston, kuma ba zan tsawaita a kan wannan ba, don wahalar filin jirgi kamarta ɗaya ko'ina. Daga Boston motar safa ake shiga, tafiyar kamar sa'a biyu ta fuskar kudu, sai a hau wata doguwar gadar ƙarfe a Bourne, wadda aka gama a 1935 bisa mashigin ruwan da aka haƙa ya raba Cape Cod da sauran ƙasar. Da an gangara daga gadar sai ƙasa ta sauya kama: rairayi, da gajerun itatuwa, da gidajen katako waɗanda iskar gishiri ta mayar da su ruwan toka. Ƙauyen kansa kusan titi guda ne, Water Street, a tsakiyarsa akwai 'yar gada wadda akan ɗaga sama idan jirgin ruwa zai shiga ko zai fita daga wani tafki da ke bayan gari, sai kowa ya tsaya cik, mai mota da mai keke da shaihin malami mai saurin zuwa lacca, har jirgin ya wuce. A gefe guda ga tashar manyan jiragen fito masu kai mutane tsibirin Martha's Vineyard, a ɗaya gefen ga wani tsohon ginin dutse na 1836, inda a da ake yin kyandir da man babbar dabbar nan ta teku da muke dangantawa da ƙissar Annabi Yunusa, zamanin da farautarta ce sana'ar mutanen wurin. Musulmin da ya sauka a wannan lokaci na shekara sai ya sake lissafin sallolinsa, domin rana takan fito tun ƙarfe biyar da 'yan mintoci, ba ta faɗuwa sai bayan takwas, alƙibla kuwa tana gabas maso arewa.

Ba banza masana suka zaɓi wurin ba. Ruwan sanyi mai gangarowa daga arewa da ruwan ɗumi mai haurowa daga kudu a wajejen nan suke iyaka, igiya kuma tana da ƙarfi, kullum tana wanke mashigin, saboda haka halittun ɓangarorin biyu duk ana samunsu cikin ruwa mai tsabta. Spencer Baird, wanda gwamnatin Amurka ta ɗora wa binciken dalilin raguwar kifi, shi ya fara yada zango a nan a 1871. Amma asalin tafarkin koyarwar da na je gani yana komawa ga wani malamin Jami'ar Harvard, haifaffen Suwizalan, Louis Agassiz, wanda a 1873 ya buɗe makarantar bazara a wani ɗan tsibiri na kusa mai suna Penikese, ya tara ɗalibai wajen hamsin, maza da mata, da yawansu malaman makaranta, ya hore su da su jingine haddar littafi su dubi halitta da idonsu. Ɗaya daga cikin tsofaffin almajiransa, Samuel Scudder, ya ba da labarin yadda malamin ya karɓe shi ranar farko: ya miƙa masa mataccen kifi guda da aka jiƙa a sinadari, ya hana shi madubi da kowane irin kayan aiki, ya umurce shi ya duba, ya fita ya bar shi. Cikin minti goma yaron ya zaci ya gama ganin duk abin da ke jikin kifi. Da gundura ta ishe shi sai ya ɗauki fensir ya soma zana shi, a nan ne ido ya fara buɗewa. Malamin ya dawo ya saurare shi, ya ce har yanzu bai ga abin da ya fi kome fitowa fili ba, wato cewa gaɓoɓin kifin bibbiyu suke, dama da hagu sun yi daidai. Kwana uku aka bar shi da wannan kifi. Wajibi ne kuma in faɗa, don kada yabo ya wuce haddi, cewa Agassiz ya riƙi mummunan ra'ayi na cewa baƙar fata da farar fata ba asalinsu ɗaya ba, ya kuma yaɗa shi da sunan ilmi. Mutumin da ya koya wa almajiransa duban kifi, son zuciya ya rufe masa ido a kan 'ya'yan Adam. Agassiz ya rasu a ƙarshen shekarar 1873, makarantar tsibirin ta mutu bayan ƙarin bazara guda, sai a 1888 aka kafa cibiyar da ke nan yanzu, Marine Biological Laboratory, da taimakon wata ƙungiyar matan Boston masu kishin ilmi, aka naɗa Charles Otis Whitman, wanda ya yi zaman Penikese, shugabanta na farko, shi kuwa ya kafa ƙa'idar cewa koyarwa da bincike ba za a raba musu ɗaki ba.

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne darasi a nan daga teku yake farawa. Da sassafe wani ƙaramin jirgin cibiyar mai suna Gemma yakan fita da koma, ya dawo da abin da malamai suka nema, bushiyar teku, da tsutsotsi, da wata dabba mai hannuwa goma da ake kira sikwid, a zuba su cikin tankunan da ruwan teku ke gudana a cikinsu dare da rana, daga nan su isa teburin ɗalibi da ransu. Ita sikwid ɗin nan tana da wata jijiya mai kaurin wajen rabin milimita, wadda ido ke gani ba sai da madubi ba, J. Z. Young ɗan Ingila ne ya jawo hankalin masana gare ta a nan a 1936, kuma da irinta aka gano yadda saƙo ke gudu cikin jijiyar dabbobi har da ɗan Adam. Wadda ta fi ɗaukar hankalina dai ita ce bushiyar teku, domin mace guda takan zubar da ƙwai dubbai, ɗalibi ya ɗiba a ɗan farantin gilashi, ya ɗiga maniyyin namiji, ya sa ƙarƙashin madubin likita, cikin kamar sa'a guda ya ga ƙwaya ɗaya ta tsuke a tsakiya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. An ba ni dama na sa ido, kuma duk da na sha karanta bayanin wannan, na sha zana shi a allo, sai da tasbihi ya kuɓuce daga bakina. A nan na gane wani sirri na farkawar ɗaliban nan, wato abu mai rai ba ya jiran kowa. Ƙwan da aka haɗa da ƙarfe biyu zai rabu a lokacin da aka ƙaddara masa, ko ɗalibi na nan ko ya fita shan iska, wanda kuwa ya kau da kai ya rasa, sai dai ya sake daga farko. Don haka ba a bukatar mai tsaron ƙofa ko takardar sa hannu, halittar da kanta take riƙe da shi a kujera.

Ba a yar da lacca ba, an dai rage mata mulki. Da safe bayan karin kumallo ake yin ta, mai yin ta kuwa galibi shi ne wanda ya yi binciken da hannunsa, yana bayyana inda ya yi tuntuɓe kafin ya dace. Abin da ke biyo baya ya fi laccar armashi. A ajin ilmin halittar tayi, wanda ake yi tun 1893, ɗalibai sukan keɓe da malamin su yi masa ruwan tambayoyi, har suna yi wa zaman laƙabi da akwatin gumi. Na zauna daga baya na ga wata matashiya, wadda ba ta ko gama digirinta na uku ba, ta tsayar da dattijo mai furfura, cikin ladabi amma ba da rawar murya ba, ta ce hujjar da ya kawo ba ta kore wata fassarar ba; shi kuwa ya yi shiru, ya dubi allo, ya amsa cewa bai sani ba, ya ce ta gwada da yamma su gani tare. Malamanmu na da sun ƙidaya faɗin "ban sani ba" cikin alamomin malami na ƙwarai, an kuma ruwaito cewa Imamu Malik ya sha faɗin haka ga masu neman fatawa. Na yi farin cikin ganin wannan ladabi a raye, ko da a bakin wanda bai san Malik ba. Ɗalibin da ya san bayan lacca shi zai yi tambaya, kuma tambayarsa na iya zama aikin yamma, sauraronsa dabam yake da na wanda ya san ba za a nemi kome daga gare shi ba.

Ginshiƙin al'amarin duka yana ɗakin gwaje-gwaje, inda ake shiga bayan abincin rana, sau da yawa ba a fita sai dare ya raba. A makarantunmu, da ma galibin makarantun duniya, gwajin da ake ba ɗalibi an riga an san sakamakonsa, aikin yaro kawai ya bi umurni ɗaya bayan ɗaya har ya iso inda aka ce zai iso, in bai iso ba ya kwafa daga maƙwabcinsa. A nan kuwa, musamman a ajin ilmin aikin ƙwayoyin jiki, wanda Jacques Loeb ya assasa a 1892, Ron Vale da Tim Mitchison kuma suka sake masa fasali a 2004, akan ɗauki kwanakin farko a koya wa ɗalibai riƙon kayan aiki, sa'an nan a rarraba su ƙungiya-ƙungiya, kowace ta lazimci wani malami mako biyu a kan mas'alar da shi kansa malamin bai san amsarta ba, ya taho da ita daga jami'arsa ne don ta gagare shi ko don bai sami sukunin taɓa ta ba. Idan mako biyu ya cika sai kowace ƙungiya ta tsaya gaban jama'a ta nuna abin da ta samu da abin da ya ƙi, a sake rabo, a kama wata mas'alar da wani malamin. Da gangan kuma ake gauraya su, a haɗa wanda ya karanta ilmin halittu da wanda ya karanta lissafi ko fizis ko kwamfuta, ta yadda kowa malami ne a wani fanni almajiri a wani, babu mai zaman ɗan kallo. Ba a gina ajin bisa jarrabawa da maki ba, saboda haka babu dalilin da zai sa wani ya ɓoye wa ɗan'uwansa dabara, babu kuma abin kunya ga wanda gwajinsa ya watse, muddin zai iya bayyana inda ya watse.

Kada mai karatu ya zaci wasan yara ake yi da sunan bincike. A watan Yulin 1982, Tim Hunt na Jami'ar Cambridge, yana cikin malaman wannan aji, ya yi wani ɗan gwaji da ƙwan bushiyar teku, ya lura da wani furotin da ke taruwa cikin ƙwai sa'an nan ya ɓace ɗungum daidai lokacin da ƙwayar za ta rabu, ya sake taruwa ya sake ɓacewa. Ya raɗa masa suna saikilin, daga baya aka gane yana cikin makullan da ke sarrafa rabuwar ƙwayoyin jiki, al'amarin da ke da alaƙa ta kusa da ciwon daji, a 2001 kuma aka ba shi kyautar Nobel tare da waɗansu mutum biyu. A 2008 ma, a cikin wannan aji, Anthony Hyman da Clifford Brangwynne suna aiki da ɗalibai suka ga cewa waɗansu 'yan dunƙule-dunƙule da ke cikin ƙwayoyin haihuwar wata 'yar tsutsa, waɗanda aka daɗe ana ɗauka daskararru ne, ashe ruwa-ruwa ne, suna ɗiga suna haɗewa; aka buga sakamakon a 2009, ya buɗe wani sabon babi a ilmin ƙwayar halitta. Ba kowace shekara ake irin wannan dace ba, akasarin gwaje-gwajen ma ba sa haifar da kome sai darasi. Amma kowane ɗalibi da ya duƙa kan madubi da ƙarfe biyun dare ya san cewa abin da zai gani mai yiwuwa ne babu ɗan Adam da ya taɓa ganinsa, kuma a ganina wannan sani shi ke korar barci.

Akwai kuma abin da ba a rubuta cikin jadawali ba, alhali rabin tarbiyyar a kansa ta dogara, shi ne mulazama. Malami da almajiri maƙwabtan juna ne a masauki, ɗakin cin abinci ɗaya suke shiga, wanda ke kallon tafkin nan, kowa ya ɗauki farantinsa ya bi layi, babu teburin manya da na yara. Na sha ganin ana zana tsarin gwaji a kan takardar goge hannu abinci yana hucewa, na kuma lura cewa ɗalibi mai kunya, wanda ba zai iya ɗaga hannu cikin taro ba, a nan yake samun bakin tambaya. Ɗakin karatun cibiyar ya shahara da cewa ba a rufe shi ga ma'abotansa dare ko rana. Idan kai ya ɗauki zafi ga bakin teku nan taku kaɗan, ga wasan ƙwallo da ake yi tsakanin aji da aji, ranar 4 ga Yuli kuma, ranar bikin 'yancin ƙasarsu, ɗalibai kan yi shigar halittun da suke nazari su zaga gari, kowace Juma'a da maraice kuwa akan yi lacca wadda mutanen ƙauye ma suke halarta. Nisan wurin ma da fa'idarsa, domin malami ba shi da ofishin da zai zame ya koma, ɗalibi ba shi da biki ko kasuwa da za su janye shi, duk wanda ya zo ya zo ke nan da jikinsa da zuciyarsa.

Ina zaune a bakin tafkin wata la'asar sai tunanina ya koma gida, ga tarurrukan bita da na sha halarta, waɗanda ba zan ambaci masu shirya su ba, don cutar ta game gari. Akan kama babban zaure a otal, a jera kujeru, safiyar farko ta tafi wajen jiran babban baƙo da jawaban buɗe taro. Sa'an nan a kashe fitila a kunna majigi, masana su yi ta hawa ɗaya bayan ɗaya, har a yi kwana uku ana bayanin yadda ake ciro sinadarin gado daga jini ga mutanen da ba a ba ko ɗayansu damar taɓa kwalba ba, a ƙarshe a raba takardar shaida da alawus, a ɗauki hoto, a watse. Da ɓacin rai nake faɗin wannan, domin na san dukiyar da ke tafiya a ciki, na kuma san hazaƙar matasan da ke zaune a kujerun nan, waɗansunsu sun kwana a mota daga Maiduguri ko Sakkwato ko Damagaram da kyakkyawar niyya. Idan suka yi gyangyaɗi ko suka duƙufa kan wayoyinsu sai a ce kasala ce da lalacewar zamani, alhali tsarin ne ya zaunar da su cikin duhu ya ɗaure musu hannu. Ba a koyon rini da kallon hoton marina, sai an tsoma hannu a baba har farce ya yi shuɗi.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne, da yawa daga abin da na ƙetare teku don in gani muna da irinsa a gida tun kafin a kafa Woods Hole. Duk wanda ya zauna a zauren malami a Kano ko Zariya ko Katsina ya san cewa a makarantar ilmi ba a karatu da wakilci: kowane almajiri da littafinsa, wannan Ahalari, wancan Risala, wancan Askari, idan layi ya zo kansa shi zai buɗe baki ya ja baƙi, malam yana fassara yana warware mushkila, in ya ɓata i'irabi a gyara masa nan take a gaban 'yan'uwansa, bayan an tashi kuma manyan ɗalibai su yi wa ƙanana muraja'a. Tafiya neman ilmi da lazimtar shaihi ma tsohuwar al'ada ce a wurinmu, ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ga ƙanensa Abdullahi da ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya ɗauki ilmi daga gare su da abin da ya karanta a gaban kowanne. Sai dai in za a yi adalci akwai bambanci mai girma. A zaure nassi ne a gaba, amsa tana cikinsa ko cikin sharhinsa, aikin almajiri ya fahimta ya riƙe amana. A ilmin halittu kuwa abin da littafi ya tabbatar jiya yana iya rushewa gobe, hujjar ƙarshe ita ce mushahada da gwaji, kamar yadda Ibnul Haisam ya yi a Masar shekaru dubu da suka wuce sa'ad da yake binciken haske da gani. Da muka karɓi ilmin zamani sai muka saki mulazamar zaure, ba mu kuwa kama gwajin ba, muka tsaya a tsakiya da hadda da majigi.

Woods Hole ma ba ta rasa aibi ba. Ernest Everett Just, baƙar fata ɗan Amurka, malami a Jami'ar Howard, ya fara zuwa nan a 1909, ya yi bazara wajen ashirin yana aiki, har ya zama gwanin da manyan masana ke neman shawararsa kan yadda ake riƙon ƙwan halittun teku. Duk da haka wariyar launi ta hana shi kujera a manyan jami'o'in bincike na ƙasarsa, ta ƙuntata masa shi da iyalinsa a ƙauyen nan, har daga 1929 ya karkata da bincikensa zuwa Turai, ya rasu a 1941. A yau ƙofa ta fi buɗewa, amma kuɗin shiga aji dubban daloli ne, ko da yake ana ba da tallafi, ga wahalar biza ga ɗan Afirka, ga madubai masu tsadar gaske da kamfanoni irin su Zeiss da Nikon ke kawowa aro kowace bazara, abin da ba kowace ƙasa za ta samu ba. Akwai kuma wata ɗabi'a da ban yaba ba, ta alfahari da rashin barci, wadda ke takura wa mai jego da mai ƙananan yara da wanda lafiyarsa ba ta cika ba. Himma daban, azabtar da jiki daban, kuma duk wanda zai shirya irin wannan halwa a ƙasarmu ya wajaba ya keɓe lokacin salla da na barci da ranar hutu, ya kuma tanadi masauki na mutunci ga mata, in ba haka ba zai rasa rabin masu basirar tun daga bakin ƙofa.

Amma idan aka tace al'amarin aka zubar da abin da dukiya ce kaɗai ke kawo shi, abin da ya rage ba mai tsada ba ne: abu mai rai a hannu, da tambaya ta gaskiya, da malamin da ke kwana inda almajiri ke kwana. Tun 1980 ake wani aji a cibiyar nan a kan ƙwayoyin da ke rayuwa a jikin mutum da dabba suna cutar da su, masu haddasa zazzaɓin cizon sauro da ciwon barci da makamantansu, a ƙauyen da mutanensa ba sa fama da ko ɗaya daga cikin waɗannan, alhali mu sauron yana ɗakinmu, dodon koɗin tsargiya yana kududdufin bayan gari, ƙudan tsando yana kurmin da makiyayanmu ke ratsawa da shanu. Waɗansu sun riga sun nuna cewa abin yana yiwuwa a Afirka. A 2011 wata ƙungiya mai suna TReND in Africa ta fara koyar da ilmin jijiya da ƙwaƙwalwa a Ishaka ta ƙasar Yuganda, da ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace da kayan aiki masu araha. A 2021 kuma Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe da ya yi karatu a Ingila, ya jagoranci kafa cibiyar bincike da horaswa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, inda matasa ke koyon aiki da hannunsu a kan madubai na gaske.

Da na hau motar komawa Boston, lissafin wuraren da muke da su nake yi, waɗanda kowannensu ya isa ya zama zangon ilmi: Samaru da gonakin gwajinta, inda wuta-wuta ke cin dawa a idon kowa, cibiyar binciken sammore ta Kaduna da Vom, cibiyar binciken kifi ta New Bussa a bakin tafkin Kainji, fadamun Haɗeja da Nguru da tsuntsayensu, da Sadore kusa da Yamai, inda ake binciken gero. Roƙona ga shugabannin jami'o'inmu na Nijeriya da Nijar, da hukumomin da ke ba da kuɗin horaswa, shi ne su ware kuɗin bitar otal guda ɗaya tak, su zaɓi ɗalibai ashirin maza da mata daga fannoni dabam-dabam, su kai su ɗaya daga cikin wuraren nan mako huɗu cikin damina, lokacin da ƙwari da tsirrai da cututtukan duk suna nan a fili. Su kuma gindaya sharaɗi tun a takardar gayyata, cewa malamin da ba zai kwana a wurin ba, ko ba shi da wata mas'ala da ta gagare shi wadda zai ɗora a gaban almajirai, ya yi haƙuri a ba wani gurbinsa.